Babban Gwani: Mun Riƙe Labarin Kisansa, Mun Saki Gininsa

Duk inda aka ambaci Babban Gwani a ƙasar Hausa, labari ɗaya ne yake riga sauran zuwa baki. Wai bayan ya gama masallacin Juma'a na Zariya, Sarkin Birnin Gwari ya aika aka zo da shi ya gina masa nasa. Da aiki ya kammala sarki ya shiga ya ɗaga kai, ya ga abin da idonsa bai taɓa gani ba, sai ya sa aka kashe maginin don kada gobe ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi wannan. Labari ne gajere mai daɗin bayarwa, yaro ma sau ɗaya zai ji ya riƙe. Amma a tambayi mai ba da shi abin da ya riƙe rufin masallacin na Zariya shekara da shekaru, ba ƙarfe ba siminti, sai a ji ya koma kame-kame.

Mun saba tarken waƙa da littafi da fim, muna auna su muna cewa nan an yi kyau, nan an kwafsa. Gini kuwa sai dai mu ce tubarkalla mu wuce. Alhali shi ma mai shi zama ya yi ya yi tunani, ya zaɓi wannan ya bar wancan, kuma ana iya kama shi da laifi kamar yadda ake kama marubuci. Girmamawar da ta dace da gwani ita ce a duba aikinsa da idon basira, a faɗi inda ya ciri tuta da inda ya bar baya da ƙura.

Mutumin da zamaninsa

Sunansa Muhammadu Durugu, ana kuma kiransa Malam Mika'ilu. Babban Gwani laƙabi ne da ya danne sunan yanka. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya da ke amsa wannan suna, kuma a zuriyarsa sarautar Sarkin Magina ta Zazzau ta zauna. Ya yi tashe a ƙarni na 19, bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804. Babban aikinsa, masallacin Juma'a na Zariya, an gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, shi ne kuma tushen gidan Katsinawa a cikin gidajen sarautar Zazzau. Akwai ruwayar da ke cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana da hannu a lamarin. In haka ne, to tsakanin 1834 da 1837 aka ɗaura niyyar ginin, domin a 1837 Bello ya rasu.

Waɗanda suka yi jihadi malamai ne, sun kuma soki sarakunan da suka tarar da son ƙawa da tara dukiya. Kafin a yi shekara talatin, su da 'ya'yansu sun zama masu birane, da kasuwanni da bayi da baitulmali. Sabon mulki yana bukatar ginin da zai nuna ya zauna da gindinsa, amma koyarwar da ta kawo shi tana hararar alfahari. Ga kuma fiƙihun Malikiyya da ya karhanta yi wa alƙiblar masallaci adon da zai ɗauke hankalin mai salla. A nan aka ajiye magini: a yi mana abin da zai cika ido, amma kada ya shagaltar da zuciya. Duk mai son auna masallacin Zariya, da wannan ma'aunin ya kamata ya fara.

Yadda aka ɗaure rufin

Bango bai cika ba maginin ƙasarmu wahala ba. Da tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ana tada shi yadda ake so, muddin an yi masa gindi mai kauri ana rage shi yana hawa. Rufi ne ciwon kai. Ba mu da dogayen katakai irin na kurmi, abin da muke da shi azara ce, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya. Azara tana da kirki, gara ba ta cika cin ta ba, tana kuma daɗewa. Aibinta ɗaya ne: in aka shimfiɗa ta aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta tsallake fiye da kamu huɗu, wato kusan mita 2, sai ta fara lanƙwashewa. Shi ya sa tsofaffin sorayen ƙauyukanmu suke da tsawo amma ba su da faɗi.

Bakan gizo shi ne dabarar da maginan Hausa suka ɓullo da ita. Ana dasa azaru a cikin bango a karkace, su miƙo zuwa cikin ɗaki. A ɗaure su da igiya, a shafe da laka, a bari ta bushe. Sannan a ɗora wasu a kansu, su ɗan ƙara miƙowa su ɗan ƙara kwantawa. Haka ake yi daga bangon nan da bangon can, kowace ƙafa tana rarrafowa, har su haɗu a tsakiya. Ba a kafa wani katako a ƙasa da zai tallafe su kafin su haɗu. Idan bakuna da yawa suka gitta juna sai su ba da ɗaurin guga, a cike tsakaninsu da gajerun azaru, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a tada tulluwa. A waje kuma a shafe da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, don ruwa ya zame ya bi indararo. Aikin da rodi yake yi a cikin kankare, shi azara take yi a cikin laka.

Masana sun saɓa kan asalin wannan dabara. Labelle Prussin ta danganta ta da tanƙwararrun sandunan bukkar Fulani makiyaya, wasu kuma suna ganin ta girmi jihadi. Inda baki ya zo ɗaya shi ne a hannun Babban Gwani ta kai maƙura. Ya rufe zauren salla da tulluwa shida a kan manyan ginshiƙai, ya haɗa masa da ɗakin shari'a, da katanga, da zaurukan shiga masu wurin alwala. Zaɓin tulluwa ma ba don kyau kawai ba ne. Zariya tana samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, ta fi Katsina nesa ba kusa ba, kuma shimfiɗaɗɗen rufin ƙasa mai faɗi haka da ya tara ruwa ya jiƙe.

Abin da ya fi burge mu a aikin shi ne bai ɓoye ƙashin ginin ba. Wanda ya ɗaga kai zai ga kowace baka daga inda ta tashi a jikin ginshiƙi har inda ta gamu da 'yar'uwarta, zai iya bin nauyin rufin da ido har ƙasa. Abin da ke riƙe da ginin shi ne kuma abin kallo a cikinsa. Ta nan ya warware kacici-kacicin da sarakunan suka ba shi: ido ya cika, amma ba wanda zai ce an yi almubazzaranci, domin ba bakar da za a cire rufi bai biyo ta ba.

Magini kuma mai zane

A sana'ar gargajiya ba a raba mai tada bango da mai yi masa ado. Hannun da ya ɗaure azara shi ke zana laka tun tana ɗanya. Adon ginshiƙan masallacin Zariya na tono ne da tudu: layuka a tsaye, da siffofi masu kusurwa uku, da da'irori, manya-manya masu zurfi. Ƙarfinsu yana cikin inuwa. Haske kaɗan ne ke shiga zauren, ta ƙofofi da ƙananan tagogi, yana bin jikin ginshiƙi a kaikaice, sai zanen ya fito da safe ta wata fuska, da la'asar ta wata.

A kwatanta wannan da adon da ya yi tashe a fuskokin gidajen Zariya da Kano a ƙarni na 20, irin wanda Anthony Kirk-Greene ya yi rubutu a kansa a 1963. Can an cika bango taf da dagi da saƙe-saƙe, har da hoton keke da agogo, daga baya aka ƙara fenti. Yana da nasa armashin, ba mu raina shi ba. Amma titi yake kallo, yana shaida wa mai wucewa cewa mai gidan nan ya samu. Adon Babban Gwani ciki yake kallo, kuma ya san inda zai tsaya. A ganinmu wannan kamun kai shi ne babban darasinsa ga masu zane da marubuta baki ɗaya.

Inda muke da ja

Na farko, ginshiƙan sun yi kauri. Dole ce ta sa, domin laka ba ta ɗaukar nauyi sai da jiki. Amma masallaci wurin sahu ne, kuma kowane ginshiƙi yana cin wurin mutane, yana yanke sahu, yana tare liman. Zauren yana da duhu. An kuma yi shi ne daidai jama'ar birnin na wancan lokaci, a tsarin da ba ya karɓar ƙari cikin sauƙi. Da birni ya tumbatsa, wannan ya zama hujja a hannun masu son a sake gini.

Na biyu ya fi nauyi. Ginin ƙasa bashi ne da ake biya duk shekara: a duba rufi kafin damina, a toshe tsaga, a gyara indararo, a sabunta yaɓe. Gini mai girman wannan yana bukatar hannuwa masu yawa, kuma tsarin da ya samar da su a ƙarni na 19 ya haɗa da bayi da aikin sarki. Mutanen da suka haƙo ƙasa, suka kwaɓa, suka ɗauko azara a ka, ba a riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Idan muna yabon tulluwa, mu tuna wuyan da ya ɗauki ƙasarta. Da wannan tsari ya kau, aka kuma haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya a 1936, sai kula da irin waɗannan gine-gine ya koma abin da sai an ware masa kuɗi, kuɗi kuwa sun fi son sabon abu.

Na uku, ilimin ya zauna a hannu da ka. Babban Gwani ya rayu a zamanin da alƙalami ya fi kowane lokaci gudu a ƙasar nan. Shehu da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce, Bello har kan magani ya yi rubutu. Amma gini sana'ar gado ce, uba ya nuna wa ɗa, a ɓoye wa bare. Sirri yana kare abincin gida, sai dai ranar da ɗa ya zaɓi wata sana'a, sirrin ya bi uba kabari. Laifin nan ba na magina kaɗai ba ne. Masu alƙalami ma sun yi salla a ƙarƙashin bakan gizo, ba su ga ya kai a tsaya a bayyana yadda ake yin sa ba.

Komawa ga labarin kisan

Wannan labari ba a Birnin Gwari aka fara ba da shi ba. Larabawa suna da Sinimmar, wanda ya gina wa Sarki Nu'umanu na Hira fadar Khawarnak, aka jefo shi daga samanta, har sakayyarsa ta zama karin magana. A Rasha ana cewa Sarki Iban ya makantar da maginin cocin Basil na Mosko, wanda aka gina daga 1555 zuwa 1561. A Indiya ana cewa an yanke hannuwan waɗanda suka gina Taj Mahal. Masana tarihi ba su gaskata na Rasha da na Indiya ba. Labari ne mai yawo, duk inda ya ga gini mai ban mamaki sai ya sauka.

Ko ya faru ko bai faru ba, abin da ya dame mu shi ne aikin da yake yi a zukatanmu. Yana ba mu damar yabo ba tare da mun duba ba, tunda an kashe mutum saboda gini ai ba sai an tambayi me ke cikin ginin ba. Yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da zancen da ake yi cewa manyan magina da aljanu suke aiki. Abin da aljani ya yi kuwa ba a koyonsa, sai dai a yi mamaki. A ƙarshe yana raɗa wa yaro mai basira cewa fice haɗari ne.

Ga kuma abin lura. Ana danganta wa Babban Gwani gine-gine a wurare masu nisa da juna, har da wani soro a fadar Bauchi, da Gidan Madaki a Kafin Madaki, wanda ake cewa an gina a 1860, yana kuma cikin gine-ginen farko da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa a 1956. Tsakanin masallacin Zariya da wannan gida akwai shekara ashirin ko fiye. Wannan yana nuna mutum mai dogon zamani a sana'a, mai almajirai da 'ya'ya da suka ɗauki salonsa suka bazu da shi, har sunansa ya zama sunan irin ginin. Sana'ar ta rayu fiye da ƙarni guda bayansa. Ke nan ko da an zare wuƙa a Birnin Gwari, ba ita ta kashe bakan gizo ba.

Wani magini a Italiya

Don a ga abin da muka rasa, mu leƙa Italiya. A ƙarshen ƙarni na 16 wani salo ya kunno kai a can wanda ake kira Barok. Shi ma ɗan farfaɗowar addini ne: cocin Katolika yana so ya dawo da zukatan da suka juya masa baya, sai ya nemi gine-gine da zane-zane masu girgiza mai kallo, masu jan ido sama. Cikin na farko-farkon wannan salo akwai Lodovico Cardi, wanda aka fi sani da Cigoli, sunan garinsu. An haife shi a 1559, ya rasu a Rum a 1613. Kamar Durugu, ya haɗa tsara gini da zane. Yana da hannu a ginin wata fada a birnin Fulorans, ya kuma zana cikin wata ƙubba a cocin Santa Mariya Majjore da ke Rum. A wannan zanen ya yi abin da ba a saba ba: ya zana wata da ramuka da tabo a jikinsa, kamar yadda abokinsa Galiliyo ya gan shi da madubin hangen nesa.

Ba muna cewa Cigoli ya fi Durugu ba. A wajen gini kam, wanda ya rufe zaure da laka da giginya ya warware matsalar da ta fi wuya. Bambancin yana ga takarda. Wasiƙun Cigoli da Galiliyo suna nan. Zanen gwajinsa suna nan. Ya rubuta littafi kan yadda ake fitar da nisa da kusa a zane, kuma wani ɗan ɗan'uwansa ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1628, shekara 15 kacal bayan rasuwarsa. Tun 1550 Vasari ya kafa musu al'adar rubuta tarihin masu zane da magina. Saboda haka ɗalibi a yau yana iya sanin abin da Cigoli ya yi niyya, da wanda ya yi gardama da shi, da inda ya sauya ra'ayi.

Mu kuwa hasumiyar Gobarau tana tsaye a Katsina, ana danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, sunan sarki ya zo mana, na magini bai zo ba. Durugu ya yi sa'a sunansa ya tsira. Amma manyan rubuce-rubucen da suka auna aikinsa da Turanci suke: littafin J. C. Moughtin na 1985 kan ginin Hausa, da kundin digirin Hamman Tukur Sa'ad na 1981 a Jami'ar Mishigan, da mujalladai uku na Zbigniew Dmochowski da suka fito a 1990. Jikan maginin da ke kwaɓa ƙasa a yau ba zai iya karanta abin da aka rubuta kan kakansa ba.

Siminti, da ranar 11 ga Agusta

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai suka shigo, aka yi wa masallacin Zariya sabon gini na kankare wanda ya lulluɓe tsohon, aka bar wani sashe na aikin Babban Gwani a ciki. Wanda ya tsaya a waje ya daina ganin tulluwa. Mai son ganin kamannin ginin na asali sai ya tafi Jos, gidan adana gine-ginen gargajiya da Dmochowski ya jagoranci kafawa, inda aka gina kwaikwayonsa.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin ya rufta kan masallata. Aƙalla mutum 7 suka rasu, wasu da dama suka jikkata. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu. Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a ginin kwana ɗaya kafin nan, ana kuma shirin kawo masu gyara.

Bayan wannan musiba mun ji masu cewa ga irinta nan, ginin ƙasa ba abin yarda ba ne. Rai ya fi kowane gini, kuma duk ginin da ya zama haɗari ga masu shigarsa dole a ɗauki mataki a kansa, komai tarihinsa. Amma a yi adalci. Ginin da ya kai kusan shekara 180 yana aiki ba za a kira shi mai rauni ba, a ƙasar da benen kankare yake ruftawa tun ba a gama shi ba. Darasin da muka ɗauka shi ne ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin akwai idon da ya san shi, wanda zai ga tsaga tun tana siririya ya san ko ta yaɓe ce ko ta azara. Irin wannan idon ne yake ƙarewa a cikinmu.

Daga Zariya zuwa Zakka

Kada a ɗauka wannan zancen fada ne da manyan birane. A Zakka da sauran garuruwan Safana da Batsari, yawancinmu a ɗakin ƙasa aka yanke mana cibiya. Ba mu da tulluwa shida, amma muna da soro da zaure da shigifa, muna da maginan rufewa waɗanda ke tada rumbun laka siriri kamar tulu, ya riƙe hatsin shekara ba ɓera ba danshi. Ilimi ɗaya ne da na Durugu: sanin wace ƙasa ce ke da danƙo, kwana nawa za a bar kwaɓi ya ruɓa, yaushe za a ɗora sabon layi a kan na jiya.

Wannan ilimin yana fuskantar abin da Zariya ba ta fuskanta ba. Shekarun nan na ta'addancin 'yan bindiga a kewayen dajin Rugu sun tashi ƙauyuka da dama, mutane sun koma Batsari da Dutsinma da Katsina. Gidan ƙasa ba ya jiran mai shi. Damina biyu ko uku ba yaɓe, indararo ya toshe, rufi ya jiƙe, azara ta faɗo, sai kufai. Idan Allah ya kawo sauƙi aka koma, wa zai sake ginawa, kuma da me? Tsofaffin magina wasu sun rasu, wasu suna gudun hijira, yaransu sun koma acaba da leburanci a birni. Abin da ya rage shi ne bulo da kwano, ga tsada ga zafi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Wanda ya rasa shanunsa da hatsinsa ba shi da wannan kuɗin. Wanda kuma ya kwana a ɗakin kwano a watan Afrilu ya san abin da bango mai kauri yake yi: ya shanye zafin rana, ya bar ciki da sanyi.

Ba muna kiran kowa ya zauna a ɗakin da ke zuba don a ce ya riƙe al'ada ba. Mutane sun gudu daga ginin ƙasa ne saboda dalilai na gaskiya: wahalar yaɓe duk shekara, da ƙarancin azara tunda giginya ta ragu, da gorin da ake yi wa mai gidan laka. Tambayar ita ce ko za a iya gyara waɗannan aibobi a riƙe amfanin.

An yi a maƙwabta

A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wani manomi kuma magini, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. Ya dawo masa a 1975 ya sake rufin da bakuna da ƙubba, daga baya ya ƙara hasumiyoyi huɗu, kowace da irin surarta. Jama'ar gari ne suka yi aikin, kowa da abin da ya iya kawowa. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta tsara gine-gine. Wannan ya amsa ja na biyu da muka yi: ashe ana iya tada babban ginin ƙasa da gayya, ba sai da bawa ba.

A Dandaji, a Nijar ɗin dai, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa da inji ya matse, aka gama a 2018. A Burkina Faso, Francis Kéré ya fara da makarantar firamare ta ƙasa a ƙauyensu Gando a 2001, ya kai ga cin kyautar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni. Dukansu sun ɗauki ƙasar da muke rainawa, suka ƙara mata tushe mai hana danshi da rufi mai kare bango, suka rage wahalar gyara.

Abin da ya rage namu ne, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Wayar da ake karanta wannan rubutu da ita tana ɗaukar murya da hoto. Duk mai tsohon magini a gidansu ko a unguwarsu, ya zauna da shi ya tambaye shi: Baba, yaya ake gane ƙasar gini? Me ake zubawa a makuba? Ina ake fara ɗaure ƙafar baka? A rubuta sunansa da garinsu da gine-ginen da ya yi. Jami'ar Tarayya ta Dutsinma tana nan kusa da mu, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga sashen tsara gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ɗaliban da ke neman abin da za su yi kundi a kansa, ga shi a ƙofar gida. Masu fassara su juyo mana abin da Moughtin da Sa'ad suka rubuta zuwa Hausa. Marubutanmu na ƙagaggun labarai kuma, da suka gaji da gidan Alhaji mai bene da falo uku, ga rayuwar Muhammadu Durugu tana jiran mai ɗauka: magini a tsakanin sarki da malami, da bayin da ke kwaɓa masa ƙasa, da ɗan da yake so ya gaje shi. In za a rubuta, a ba ranar da ƙafafun baka biyu suka haɗu a sama babi guda cur, kisan kuwa ko a shafi ɗaya ya isa.